Ranar da Uwar Sikeli Ta Auna Ƙarti Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da huɗu ta yi a bakin sikelin ƙaramin filin jirgin nan, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Uwar Sikeli. Da shara ta fara. Da idon tsohon mai awo ya yi rauni, ita ke karanta masa allurar sikelin yana rubutawa. Da ya rasu, kujerar ta zama tata. Mijinta, tela, yakan ce ko gaisuwa ka yi mata sai ta auna kafin ta amsa.

Aikin a ido ba wuya: a ɗora kaya, ta rubuta, ta sa hannu, takarda ta tafi wurin matuƙin jirgi. Fasinja ba a auna su. Akwai lissafin ofis, kowane mutum kilo kaza, ko sauro ne ko giwa.

Wata Laraba da hantsi sai ga ƙarti goma sha biyu za su gasar ɗaga ƙarfe, wuyan kowanne kamar turmi. Jirgin ƙarami ne, filin da za su sauka gajere, ƙarshensa kogi. Ta dube su sau ɗaya ta ce su hau sikeli.

Manaja, sabon zuwa mai yawan turare, ya taho da sauri.

"Inna, na kaya ne wannan. Rubuta lissafin ofis ki sa hannu, kar ki kunyata mu."

"Ɗana, lissafin ofis na mutane ne. Dubi cinyoyin nan."

"In jirgin nan ya makara, gobe ki zauna a gida."

"To. Amma yau ina nan."

Ta soke biro a ɗankwali ta harɗe hannu. 'Ya'ya uku gare ta a makaranta, amma fuskar ba ta nuna damuwa ba. Babban cikin ƙartin ya yi dariya ya hau.

"Mama, kar ki faɗa da ƙarfi."

"Kai kaɗai ne, ko ka goyo ƙaninka?"

Aka gama, da kilo ɗari huɗu da ɗoriya suka haura lissafin ofis. Ta kai wa Kyaftin, matuƙin jirgin, takardar da hannunta. Manaja ya biyo ta yana cewa ai nauyi ba komai, saurin saukowa ma zai sa, kamar dutse.

Kyaftin ya ce, "Haka kowa ke zato. A sama iska ce birkinmu. Mara nauyi tana tare shi, ya sauko da wuri. Mai nauyi ratsa ta yake, sai na fara sassauto da shi tun daga nesa, kuma da gudu zai taɓa ƙasa. Da lissafinka na bi, da a tsakiyar fili zan dira, sauran kuma ka san abin da ke ƙarshensa."

Aka sauke akwatuna da mutum biyu su bi jirgin gobe. Jirgi ya tashi a makare da minti arba'in.

Manaja bai ba ta haƙuri ba, irinsu bakinsu bai saba ba. Washegari ta zo da sassafe ta tarar da kujerarta a wurinta, an kuma manna takarda a bango: daga yau duk fasinjan ƙaramin jirgi sai ya hau sikeli. A ƙasa ga sa hannun manaja ɓaro-ɓaro, kamar shi ya kwana yana tunanin abin.

Ta karanta, ta yi tsaki, ta goge gilashin sikelinta da bakin gyale, ta ce na farko ya matso.