Madarar Mai Fenti

Mai Fenti ake kiransa, don tun yana saurayi yake fesa wa motocin mutane fenti a wata rumfar kwano marar taga. Ya iya aiki, ya kuma iya cika baki. Shi ya laƙaba wa ƙanensa suna Likita, don kawai ƙanen ba ya taɓa bindigar feshi sai ya rufe hanci da baki da takunkumi, sigari kuwa ko warinta ba ya so.

"Ƙato da ƙyalle a fuska!" in ji Mai Fenti. "Ni in na tashi aiki, gwangwanin madara ɗaya ya wanke min ƙirji tas." Haka ubangidansa ya koya masa, haka ya riƙe: feshi, sigari, sai madara.

Tari ya zo ya ƙi tafiya, ya ƙara madara. Murya ta dushe, wando ya fara zamewa daga ƙugu, hawa bene ya zama aiki. Ranar da ya yi kaki da jini a kan wata farar mota, ƙanen ya ajiye bindiga ya ja shi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga tabo, aka tsakuro ɗan nama daga huhun aka auna. Likita na gaske ya ce sankarar huhu ce, ta kuma fara yaɗuwa. Aka ba shi gado a asibitin.

"To, madarar fa?" in ji Mai Fenti.

"Ciki take tafiya, Malam. Ba ta taɓa leƙa huhu ba."

Mutumin da manyan motoci suka yi ta wucewa ta hannunsa bai taɓa yi wa masu su hassada ba, yau numfashin ƙanensa ya tsone masa ido. Ƙanen zai hau benen asibiti da gudu, ya shigo yana zuba surutu ba ko haki. Uwa ɗaya, rumfa ɗaya! Haushi ya riƙa cin Mai Fenti har ya juya fuska bango, ga kunyar haushin kuma.

Wata safiya ƙanen ya zuba masa shayi, ya hura iska doguwa a kan kofin ba tare da ya tsaya ba.

"Yaya, ya huce."

Mai Fenti bai kalli kofin ba, ƙirjin ƙanensa yake kallo yana cika yana saukowa.

"Bai huce ba, Likita," ya ce da ƙyar. "Sake hurawa in gani."