Ranar da na yi wa Baba tafinta

Shekarar da ƙanin Baba ya rasu, aka rarraba 'ya'yansa cikin dangi. Biyu aka kai arewa, babbar kuma ta bar makaranta ta koma tsaron shagon wata gwaggo a unguwar Madagascar. Na lura Baba yakan tsayar da keken ɗinki a tsakiyar aiki, ya zuba wa ƙannena ido suna wasa.

Abin da ya kai shi neman inshorar rai ke nan, wadda a nan ake ce wa asirans. Ya ji an ce idan mutum ya rasu, kamfanin zai riƙe karatun yaransa. A layinmu na Briqueterie wannan ba abin faɗa ba ne, don teloli 'yan'uwansa za su ce tawakkalinsa ya yi rauni. Faransancinsa bai wuce na ciniki ba, kuma ba zai nemi wani namiji ya raka shi ba. Sai ni.

Ni ce 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa zama kusa da shi ba. Wata Laraba da na dawo makaranta ya ce, yana kallon almakashinsa, "Ke, sa hijabinki."

Kamfanin ya tura mu wurin likitarsu a Tsinga, wata mata mai yawan raha. Ta ce in gaya wa Baba ya cire babbar rigarsa, ita mutum za ta auna, ba yadi ba. Da ya cire na yi saurin kau da kai, amma na riga na ga haƙarƙarinsa, da yadda ya naɗe mazagin wando sau biyu a ƙugu.

Sai ta fara tambaya. Yana yawan fitsari da dare? Ƙishirwa na damunsa? Idonsa fa? Akwai gyambon da ya ƙi warkewa?

Duk na san amsoshin. Ina jin ƙarar buta daga ɗakinmu. Ni ke cika masa tulun ruwa, in tarar da shi wayam da safe. Na san Mama ce ke zura masa zare a allura, na kuma san ya koma taka keke da ƙafar hagu. Amma yaya zan buɗe baki in tambayi Baba zancen fitsari?

Na ce, "Baba, wai ana samun barci?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Haka ya amsa kowace tambaya, yadda yake amsa gaisuwa a ƙofar masallaci. Ni kuma ina ce wa likita a'a, tana rubutawa. Can ta ajiye biro ta dube ni.

"Ke 'yar makaranta, ba a gidan kike kwana ba?"

Na ƙura wa takalmina ido. Ta ce Baba ya cire safa, ta daɗe tana duba babban yatsansa, ba ta ƙara yin wasa ba. Ta ɗebi jini ta sallame mu.

Da muka koma kamfanin jin sakamako, wani saurayi mai taye ya yi mana bayani a babban ɗaki, mutane na zaune a bayanmu. Na ji duka kafin Baba ya ji ko kalma ɗaya.

"Me ya ce?"

"Wai a fara zuwa asibiti."

"Ban tambaye ki asibiti ba. Sun karɓa?"

"Ba su karɓa ba, Baba."

"Dalili?"

"Wai akwai suga, ya daɗe ba magani." Saurayin na jira in ƙarasa. "Wai kuma an ɓoye musu."

Baba mutum ne da ke mayar wa mai ɗinki ragowar ƙyalle ko da bai kai tafin hannu ba. Ga shi an kira shi maƙaryaci, da bakina kuma.

"Ce masa ban ɓoye ba. Mutum zai zauna a gaban 'yarsa ya riƙa lissafa..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban fassara ba, saurayin ya riga ya kira na gaba.

Ba mu shiga taksi ba. Muka tako da ƙafa, yana gaba yana ɗan ɗingishi, ina baya, jar laka na manne mini a safa. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba.

A ƙofar shago ya tsaya, ya yaye buhun da ke rufe da tsohon keken marigayi ƙaninsa, ya hure ƙurar da ke kai.

"Ke," ya ce, fuskarsa na kallon bango. "Daga gobe in an tashi makaranta, nan za ki riƙa zuwa. Da kalmasar bakin riga za ki fara."

Na ce to.