Notin da Ya Ƙi Kwancewa

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Kawo, ni da wani maƙwabcina tsohon direba, muka nufi kudancin garin Kaduna neman injin kwance notin taya, irin mai batir.

Ba sha'awar kayan aiki ce ta fitar da ni ba. Wata huɗu da suka wuce, tayar motar ƙanena ta yi faci a hanyar gonarmu da la'asar sakaliya. Ya kwance noti huɗu, na biyar ya ƙi, domin mai faci ya taɓa ɗaure shi da injin iska. Manoman da suka hango shi sun ce ya daɗe yana tsalle a kan sifana, har 'yan bindiga suka fito daga daji suka tafi da shi. Har yau babu labari. An ɗoro mana motar a babbar mota, tana nan a ƙofar gida. Ga girbi ya zo, kuma ni zan riƙa bin hanyar nan.

Mun haye gada kafin cunkoso ya kankama. A Kakuri muka wuce tsofaffin masaƙu, ciyawa ta cinye harabarsu, awaki na kiwo inda dā ma'aikata ke layi. A unguwar Television muka karya da gasasshiyar doya da manja. Tsadarta ta sa maƙwabcina ya tambayi mai doyar ko daga Makka aka kawo ta. Ta yi dariya, ni na kasa.

Shago uku muka shiga, kowa na rantsuwa nasa ne na asali. Duk kwalayen ɗauke da manyan lambobi, wani injin kuwa ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar abin wasan yara. Raina ya soma ɓaci. A shago na huɗu muka sami wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo, Hausa a bakinsa kamar haifaffen Tudun Wada.

"Alhaji, bar kallon kwali," in ji shi. "Wane irin noti ke damunka?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma na faɗa masa duka. Ya mayar da injina biyun da ya fara fito mana da su, ya ɗauko wani mai nauyi daga ƙasan kanta. A ƙofar shagon akwai tsohuwar ƙafar tifa duk tsatsa, wadda yake gwaji a kanta. Ya ɗaure noti da dogon bututu, ya hau kai da dukkan nauyinsa, ya miƙo mini injin.

"Kai za ka kwance, ba ni ba. A daji ba na nan."

Injin ya yi ƙara, ya girgiza mini hannu, notin ya juya. Ya sa na sayi batir biyu, ya ce ɗaya ya kwana a caji kullum, kada kuma in bar tsohuwar sifanata a gida. Kuɗin ya kusa na buhun masara biyu. Ban yi ciniki ba.

Mun iso gida bayan azahar. Ban ko sha ruwa ba na durƙusa gaban motar ƙanena. Matarsa ta fito ta tsaya a bakin zaure, goye da 'yarsu. Na ɗora injin a kan noti na biyar, wanda gefensa duk ya cinye saboda sifanarsa.

Ban gama bisimilla ba ya faɗo cikin tafin hannuna.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: ashe tsakanin ƙanena da gida bai fi ƙiftawar ido ba. Na yi zaton zan ji sanyi, sai baƙin ciki ya rufe ni. Matarsa ta miƙo hannu. Na ba ta notin, ta ƙulle shi a bakin mayafinta ta koma ciki.