Fuskokin da Suka Rage a Akwatin Malam Tahiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 11 ga Fabrairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Tahiru Isma'ila a gidansa da ke Filingue, yana da shekara tamanin da shida. 'Yarsa Balkisa ce ta kira ni a Yamai. Bayan ta faɗi rasuwar sai ta rage murya ta tambaye ni yadda za mu yi da akwatin. Wannan tambayar ce ta sa ta'aziyyata ta fito a wannan siffa, kuma ina roƙon iyalai su yi mini uzuri.

Malam, ka koyar shekara talatin da uku a lakwal, wato makarantar boko, daga Tabla zuwa Damana, da ƙananan ƙauyukan Kurfai waɗanda yau ba zan ambaci sunansu ba. Kowa ya san ka da zane. Taswirar Nijar da ke bangon ajinmu aikinka ce. Amma al'adarka da ta fi zama a ranmu ita ce ta ƙarshen shekara. Duk yaron da zai bar hannunka sai ya zauna a kan turmi a gindin itacen bedi, ka zana fuskarsa da gawayi a farar takarda. A ƙasa kakan rubuta sunansa, da na mahaifinsa, da ƙauyensu. Ba ka ba mu zanen, a akwatinka kake ajiye shi. Kakan ce in ka ba mu, gara za ta ci, ko uwayenmu su ƙunshe daddawa da shi.

A 1984 na zauna a kan turmin nan. Da na leƙa na ga kunnuwan da ka yi mini, na ce sun yi girma. Ko kai ba ka ɗaga ba ka ce, "Ba ni niy yi su ba. Kai ƙara inda anka yi su." Saminu, abokin zamana a benci, ya yi dariya har ka kore shi daga inuwar.

Mutum ɗaya kawai kake buɗe wa akwatin ka ba shi zane: wanda ɗansa ya rasu. Na ga wata tsohuwa da ɗanta ya tafi ci-rani bai dawo da rai ba, ba ta da hotonsa ko ɗaya. Ka fito mata da fuskarsa yana ɗan shekara goma sha biyu, ka shimfiɗa mata tabarma, ka hana kowa yi mata magana har la'asar. Garin duka ya san wannan ƙa'ida taka.

Sai zamani ya juya. Makarantun ƙauyuka suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, malamai suna kwashe iyalansu zuwa gari. Saminu ya bi sawunka ya zama malami. Bara, wasu masu bindiga suka tare motar kasuwa da yake ciki. Waɗanda suka tsira sun ce ba a tambayi kowa kuɗi ba. Takarda aka fito da ita, aka karanta suna, Saminu ya sauka. Har yau babu labarinsa.

Bayan sati uku na zo gaishe ka, na same ka a zaure da almakashi. Kana yanke gindin kowane zane, inda suna yake, Balkisa tana kai guntayen murhu. Ka lissafa mini cewa a cikin yaran nan akwai malamai, akwai jandarmomi, akwai ma'aikatan likita, kuma kai da hannunka ka rubuta ƙauyen kowa da sunan ubansa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarka ba sai ranar. Na roƙe ka ka bari in kwafe sunayen in ajiye a Yamai. Ka ce mini, "Kai ɗan jarida na. Abin da kar rubuta ya bar hannunka. Sunayen suna nan ga kaina, can babu mai karanta su." Ka ɗauki zane goma a jere, ka faɗi mai kowane, da shekararsa, har da wanda ya saci allinka. Na yarda da kai, ban tuna da shekarunka ba.

Ranar sadakar uku, wani baƙo ya zauna cikin masu gaisuwa, ya tambayi maƙwabci ko gaskiya ne marigayi ya bar littafin ɗalibansa. Babu wanda ya san shi, babu wanda ya ga tashinsa. Wataƙila tsohon ɗalibi ne. Na yi aikin jarida shekara ashirin da biyar, na san bai kamata in gina zargi a kan tambaya ɗaya ba. Duk da haka tun ranar in mota ta rage gudu kusa da ni sai in waiwaya. Balkisa tana da 'ya'ya huɗu a gidan nan. Ta ce a ƙone akwatin duka, kuma ban ga laifinta ba.

Don haka nake rubuta wannan a fili, duk wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Akwatin ya bar gidan Malam, ya bar Filingue. Na duba takardun ɗaya bayan ɗaya, dubu ɗaya da ɗari biyu da ɗoriya. Babu suna ko ɗaya, babu ƙauye, babu shekara. Fuskokin yara ne kawai. Iyalansa ba su da abin da za su ba kowa.

Da nake dubawa na nemi Saminu. Mun zauna benci ɗaya shekara shida, amma na tsaya a kan fuska uku na kasa zaɓa. Wannan ya tsorata ni fiye da baƙon. Na ɗauki ukun na kai wa mahaifiyarsa, Inna Latifa. Ba ta ɓata lokaci ba ta ɗora yatsa a kan ta tsakiya. Na miƙa mata, ta janye hannunta.

"Wanga na," in ji ta. "Amma maishe shi cikin akwati. Malam ba ya ba da zane sai ga wadda ɗanta yar rasu. Ni ba a ce min Saminu ya rasu ba."

Na mayar da shi, Malam. Ba za a ƙone akwatin ba muddin tana jira.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bayar ya bi ka. Ina miƙa ta'aziyya ga Balkisa da ƙanenta Abdulrazak, da jikoki, da ɗalibanka duk inda tsoro ya warwatsa su. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare gidan, Ya buɗe makarantun da aka rufe. Allah Ya dawo wa Inna Latifa da ɗanta da ƙafarsa, zanen ya ci gaba da zama a akwati. Amin.