Fentin Hannun Hagu

Shekara ashirin da biyu Mai Fenti ya yi yana rufa wa bangon mutane asiri. Yana da wani haɗi nasa na kansa, farar ƙasa da gam da ɗan siminti, wanda in ya shafa wa bangon da danshi ya ci, sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. Sai an yi ruwan farko asiri ke tonuwa, lokacin kuwa mai saye ya riga ya tare. Dillali ne ke ba shi aikin, abokinsa tun suna samari. Ya kan kira shi ya ce, "Akwai gida, a zo a yi masa kwalliya." Shi kuwa bai taɓa tambayar wa za a sayar wa ba. Ni dai ba zan wanke shi a nan ba.

Mutum ɗaya tak ya koya wa haɗin nan, ƙaninsa Bahago, wanda ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu har ya yi masa aure.

Matar Mai Fenti tana da ciwon ƙirji. Ɗakin hayarsu ba ya ganin rana, in damina ta zo a zaune take barci. Likita ya gaya masa gaskiya: magani ba zai yi komai ba sai ta samu busasshen ɗaki. Daga ranar ba shi da wani buri sai wannan.

Gida kuwa ya yi arha a garin tun da aka rufe masaƙa mutane suka watse. Layi ɗaya sai ka ƙirga ƙofa huɗu da kwaɗo, ciyawa ta cinye dakali. Dillali ya kai shi wani gida a bayan masaƙar, ɗaki biyu da falo.

"Taga babu gilashi, kwanon kicin yana yoyo, ƙofar bayi ta cire," in ji Dillali. "Duk ba su fi ƙarfinka ba. Amma bango, mutumina, garau yake. Ka ga ko fenti ban sa an yi ba."

Haka ne kuwa, fentin ya yi dauɗa, har da tabon hannun yara. To amma Mai Fenti ya fi kowa sanin ba da ido ake duba bango ba, ƙwanƙwasa shi ake yi. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda ya sha ruwa sai ka ji shi kamar kwali. Ya dunƙule hannu, ya ɗaga, sai ya ga abokinsa yana kallonsa yana murmushi. Kunya ta kama shi. Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifinka za ka ƙwanƙwasa wa bango a gabansa? Ya mayar da hannun aljihu. Wannan kunyar ce ta ci shi.

Ya sayar da babur ɗinsa da filin da ya gada, ya biya, ya karɓi takardar gidan. Wata biyu yana gyara da hannunsa, ya sa gilashi, ya canza kwano, ya kafa ƙofa. Ranar tarewa Bahago ne ya kama masa gadon matar, suka jingina shi da bangon ɗakin ciki. Ta shafa bangon tana dariya, ta ce, "Baban yara, yau dai zan kwanta in miƙe."

Sati uku ta yi tana miƙewa. Da aka yi ruwan farko sai fenti ya fara kumbura daga ƙasa, wari ya taso, tari ya dawo har ya fi na da. Maƙwabci ya ce ai tsohuwar magudanar masaƙa ce ta bi ta ƙarƙashin gidan, tun da aka rufe ba wanda ya ƙara yashe ta.

Mai Fenti ya janye gadon, ya sa wuƙa ya kankare. Ya murza abin da ya zubo, ya shinshina. Haɗinsa ne. An shafa, sannan aka bi shi da ƙura don kada ya yi kama da sabo. Ya kai fuska kusa ya dubi sawun buroshi, sai ya ga daga ɗaya gefen aka jawo shi. Hannun hagu ne. Wallahi da wuƙar nan aka soka masa da ta fi sauƙi.

Ya sami Bahago a kan tsani a wurin aiki.

Bahago na ganin fuskarsa ya ce, "Yaya, aiki aka ba ni. Ban san kai za a sayar wa ba."

"Ranar da ka kama gadonta fa, ba ka gane ɗakin ba?"

Bahago ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da juya buroshi a cikin bokiti.

Dillali kuwa ko a jikinsa. "Haba mutumina, kai da sana'arka? Yi wa gidan kwalliya, ina da mai saye. Ka karɓi kuɗinka ka fitar da matarka."

Mai Fenti ya tsani mutumin nan har cikin ransa, amma ba shi da wata hanya, tarin matarsa kullum ƙaruwa yake. Ya yi haɗin, ya shafe, ya bi shi da ƙura kamar yadda ƙaninsa ya yi masa.

Mai sayen wani tsohon direba ne da ya tara kuɗin sallamarsa. Ya zagaya, ya yaba taga, ya yaba ƙofa. A ɗakin ciki ya ɗaga hannu zai taɓa bango, sai suka haɗa ido da mai gidan, ya ji nauyi, ya fara sauke hannun.

"Ƙwanƙwasa, Baba," in ji Mai Fenti.

Dillali ya zabga masa harara. Tsohon ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya saurara, ya yi sallama ya fita, Dillali ya bi shi yana magana.

Daga falo matar ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce, "Baban yara, ya saya?"

"Bai saya ba," ya ce. Ya je ya kama gadon shi kaɗai, ya ja shi zuwa tsakiyar ɗaki.