Warin Taba a Hannun Hudaifa

A unguwar Utaibiyya ta birnin Makka kowa ya san Hudaifa direba ba ya shan taba, kuma kowa ya san hannunsa warin taba yake yi. Mutanen unguwa sun daɗe suna juya wannan magana a bakinsu, ba su sami inda za su ajiye ta ba.

Aikinsa jigilar alhazai a bas daga tashar Kudai zuwa Harami. In ya taso da yamma ya ci abinci, sai ya haye saman bene da ɗan katakonsa da wuƙa da tsumma. Can yake ajiye busasshen ganyen taba da dangi ke kawo masa tsaraba in sun zo Umara. Iskar Makka ba ta da tausayi, ganye in ya kwana a buɗe da safe sai dai a share garinsa. Don haka a cikin wata tsohuwar randa yake ɓoye shi, a lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Zai yayyafa masa ruwa, ya jira ya yi laushi, ya zare jijiyar tsakiya, ya tattara ƙananan a ciki, sannan ya naɗe da babban ganye a karkace har ya fito sumul, kaurin babban yatsa. Sai ya ɗaga ya duba, ya gyaɗa kai, ya ajiye. Ashana kuwa ba ta taɓa kusantarsa ba. In ganye ya ƙare, warware na jiya yake yi ya sake naɗewa, abin da ke sa 'yarsa Manar dariya har da riƙe ciki.

Wurin mahaifinsa ya gani. Tsohon manomin taba ne a ƙasar Katsina kafin ya biyo hanya ta Cadi da Sudan da iyalinsa, kuma har ya rasu naɗin hannunsa yake sha. Hudaifa bai gaji shan ba, naɗin ya gada.

A ƙasan benen akwai mahaifiyarsa, Inna Mairama, wadda tsufa ya kwashe wa sunayen mutane. Jikokinta sun zama baƙi a wurinta, Larabcin da ta yi shekaru tana ciniki da shi ya gudu, Hausa ce kaɗai ta rage. Amma in Hudaifa ya sauko da kwanon kunu ya zauna gefenta, takan ce, "Tanko, ka dawo?" Shi ne namijin da ta samu bayan 'yan mata, kuma duk Makka babu mai kiransa da wannan suna sai ita. A hannunsa kaɗai take yarda ta ci abinci. Shi dai ya ɗauka uwa ce, ba ta manta ɗanta.

Ana nan sai ladanin ƙaramin masallacin layinsu ya kwanta ciwo. Hudaifa yana da murya, kuma tun yana saurayi yake kwaɗayin wannan wuri, bai dai taɓa faɗa ba. Maƙwabcinsa Mish'al, wanda maganarsa ke da nauyi a masallacin, ya ja shi gefe.

"Ya Abu Manar, muryarka ma sha Allah, jama'a suna so. Sai dai hannun nan naka, ya ahi, ɗan'uwana. Ka gaisa da mutum ya wuni yana jin taba. Na san ba ka sha, wallahi na sani. Amma ladani ne fa."

Gaskiya Mish'al ya faɗa, kuma ba da wulaƙanci ba. Hudaifa ya rufe randa, ya ɗora mata dutse. Ya dirje hannu da sabulu da lemun tsami, ya bi da turaren udu, har Manar ta ce babanta ya koma ango. Ranar da ya fara kiran salla, da hawaye ya sauko don daɗi.

Ba a yi nisa ba Inna ta fara kau da kai daga kunu. Wata rana da ya shigo ɗakin, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ke yarinya," ta ce da Manar, "wane ne wannan namijin da ke shigo mini ɗaki babu sallama? Ki ce ya fita, ɗana ya kusa dawowa."

"Inna, ni ne. Tanko ne."

Ta kama hannun da ya miƙa mata, ta kai hanci, ta saki. Ta juya ta fuskanci bango. Hudaifa ya tsaya riƙe da kwano, kunu na hucewa, zuciyarsa ta karye. Ashe idonta ya daɗe da sallama shi, hancinta ne ke riƙe da shi.

Bai yi shawara da kowa ba. Washegari bayan azahar ya sami Mish'al ya ce a nemi wani ladanin, bai yi dogon bayani ba. Ya hau bene, ya ɗauke dutsen. Ganyen ya bushe ƙayau, sai da ya sha ruwa sosai kafin ya yarda ya naɗu. Yana cikin naɗin aka kira la'asar, muryar wani yaro ce mai zaƙi, ta fi tasa ma. Ya saurara har ƙarshe, abin ya yi masa ciwo, ya amsa kiran kamar kowa.

Kafin ya yi alwala ya leƙa ɗakin, ya durƙusa, ya miƙa mata hannu. Inna ta shinshina, ta sauke mayafin a hankali.

"Tanko! Ina ka shige ka bar ni da baƙi? Ka ci abinci kuwa?"