Ikrama Edita da Kaset ɗin Uwata

A unguwar Dogo Tebo idan ka ce Ikrama, sai a tambaye ka wanne. Idan ka ce Edita, har masu keke sun san shagon. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa mai fenti ya rubuta a jikin ƙofa da jan launi. Ƙanin mijina ne, ciki ɗaya, kuma lokacin da aka kawo ni gidansu ni nake wanke masa yunifom na firamare. Don haka kada wani ya ce min ban san shi ba.

Ya yi koyon gyaran rediyo wata huɗu, aka sallame shi. Ya yi cajin waya, ya yi tura waƙoƙi a memori, ya yi tallan maganin basur da lasifika. Bai taɓa shekara a sana'a ɗaya ba, sai da Alhaji Bubayaro dillalin shanu ya kira shi kasuwa ya ce ya riƙa ɗaukar masa bidiyon bijimai yana tura wa masu saye a kudu. Aikin ba wuya. A ɗauki sa daga gaba, daga gefe, daga baya, a matso kan tozo, a ɗora kiɗa, a yanke shi gajere yadda zai tafi ta waya. Da wannan ya sayi laftof na hannu, ya kalli wani mutum a waya yana koyar da editin na kwana biyu, ya fito ya ce ya gama karatu. Dokarsa ɗaya ce, kuma yana faɗinta kamar wanda ya ƙirƙiro wani abu: abin da ba ya motsi, a yanke.

Ni kuwa ina da kaset ɗaya na bidiyo a ƙasan akwati, na sunan ɗana na fari, Almustapha. A ciki akwai uwata, Ya Kaka, Allah ya jiƙanta. Mai kyamara ya shigo ɗaki ya same ta da jaririn a cinya, tana yi masa addu'a da Kanuri, tana jero masa sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, wajen minti biyar. Haka ake yi a gidanmu, kakar jariri ce take faɗa masa su. Babu wani wuri a duniya da muryarta ta rage sai nan. Ni a Potiskum na tashi, Hausa ta cinye min Kanurin, sunayen ma uku kawai na riƙe. Da matar Almustapha ta shiga watan haihuwa sai na tuna yanzu ni ce kakar. Na ce a mayar min da kaset ɗin cikin waya in zauna in haddace kafin suna.

Mijina ne ya ce, “Ga Ikrama a gida, me za ki je nema a Damaturu?”

Na kai masa da hannuna. Na ce, “Ikrama, wannan ba sa ba ne. Uwata ce a ciki.”

Ya ce, “Haba matar Yaya! Kaset ɗin alhazai nawa ya bi ta hannun nan? Sai kin yi kukan daɗi.”

Ko ɗaya bai taɓa bi ba, daga baya na ji. Ya aro tsohuwar na'urar bidiyo wurin wani mai gyara, ya haɗa ta da laftof da wata waya mai kai uku, ya juye awa uku cif. Zuwa nan bai yi laifi ba, na ba shi wannan. Da ya tsaya a nan da ban rubuta komai ba.

Kwana biyu bayan haihuwa ya shigo da la'asar, da filash a hannu da tabarau a goshi, ya ce a tara mutanen gida. Aka jona a talabijin. Da farko furanni suka buɗe. Tattabaru biyu suka tashi. Sunan Ikrama ya zo yana juyi kamar fanka. Sannan kiɗa, irin wanda yake ɗora wa shanu. Alhazan da suka zo sunan Almustapha, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, ga su nan ɗaya bayan ɗaya: daga gaba, daga gefe, daga baya, an rage musu gudu suna tafiya kamar a cikin ruwa. Ragon suna shi kaɗai ya samu minti guda cur. Uwata ta fito a cikin wani zane mai siffar zuciya, bakinta yana motsi, ganga tana tashi a kai. Na ƙirga, daƙiƙa bakwai. Duka fim ɗin minti shida.

Na ce, “Ina maganarta?”

Ya ce, “Yaya Fanne, tsohuwa tana zaune wuri ɗaya minti biyar, ba motsi. Ga shi yare take yi, ba mai ji. Masu kallo za su gaji.”

“Su wane ne masu kallon, Ikrama? Inyamuran Onica ne za su sayi uwata?”

“Ke ba ki san aikin zamani ba ne.”

“Na yarda. Ba ni awa ukun da ka juye, ka riƙe zamaninka.”

Ya soma susar ƙeya. Wai ranar kasuwa laftof ya cika, ga bijiman Alhaji Bubayaro arba'in suna jira, sai ya goge mai awa ukun ya bar wanda ya gyara. Mutumin da ya koya masa a waya bai ce a ajiye na asali ba, in ji shi. Ko ya faɗa, ni na san Ikrama bai kai ƙarshen darasin ba.

Na ce, “To ba ni kaset ɗina.”

Mijina ya miƙe ya ce zai je masallaci, alhali ba a yi kira ba.

“Ai kaset ya gama aikinsa,” in ji Ikrama. “Wa yake kallon kaset yanzu? Babaji na Yindiski ya zo neman tsofaffin kaset, tsuntsaye sun dame shi a gona, sai na haɗa masa.”

Ban saka takalmi daidai ba na tari keke. Duk wanda ya taɓa bin hanyar gona da kaka ya san abin da na je na gani. An fasa kaset, an zare zaren, an ɗaure shi daga kara zuwa kara a kan gero, yana walƙiya a rana, iska tana kaɗa shi yana ƙara. Babaji bawan Allah ya rikice, yana ta ba ni haƙuri da Hausarsa mai karkata, ya ce kaset huɗu aka ba shi, bai san wanne ne nawa ba. Muka bi gonar kunya-kunya muna naɗe zaren a jikin kara. Rana ta gasa shi, ruwa ya doke shi sau biyu, yana tsinkewa a hannu. Mai gyaran da ya ba da aron na'urar ya duba cikin ledar da na kai masa, ya girgiza kai, ya ce Hajiya ki yi haƙuri.

Har yau shagon yana nan. Ya ƙara layi a jikin ƙofa: ana mayar da tsohon kaset sabo. Yana gaishe ni in na wuce, kuma ya gaya wa mutane wai ni ce ban iya godiya ba.

Ranar suna aka ɗora min jikata a cinya, mata suna jira. Na faɗi sunan mahaifina, da na kakana, da na uban kakana. Na tsaya. Na duba ɗakin, babu wanda ya girme ni a danginmu da zai ɗora. Na yi mata addu'a da Hausa, na miƙa ta ga uwarta.